Tsakanin Magariba Da Lisha: Yadda Taliya Ta Sami Gindin Zama A Tukwanen Daurawa

Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Maiduguri daidai Daurawa, a lokacin nan da rana ta doshi faɗuwa, ladanai suna gyaran murya, motoci da 'yan a-daidaita-sahu sun cushe hanya kowa yana neman gida, in ya kasance mai lura ne, zai ga wani abu da ya zama ruwan dare a hannun masu saukowa, wato baƙar leda wadda kan ƙunshin taliya ya leƙo daga bakinta, ga ɗan tumatir da attaruhu da albasa a ƙasa. Mai riƙe da ledar nan yana iya zama malamar jinya da ta tashi daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan Titin Zariya, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa da ya rufe rumfarsa a Kantin Kwari ya sha cunkoson gadar Dangi kafin ya iso, ko kuwa yaron gida da aka aika kantin bakin layi da gudu. Sana'o'insu dabam-dabam ne, amma damuwarsu guda ce: ga iyali suna jira, ga gajiya, ga shi kuma abin da ya rage tsakanin sallar Magariba da ta Lisha bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba, kuma a cikin wannan ɗan taƙin ake so a hura wuta, a dafa, a ci, yara su yi bitar karatu, a kwanta.

Unguwannin nan na Ƙaramar Hukumar Tarauni, irin su Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Unguwa Uku da ita Tarauni kanta, mazauninsu galibi ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda da yawansu suka baro manyan gidajen gandu na cikin birni ko na ƙauye, inda ake da kishiyoyi da surukai da 'yan mata masu kama aiki, suka dawo gidajen haya ko ƙananan gidaje na miji da mata da 'ya'yansu kurum. To, gidan da hannu ya yi kaɗan, alhali bakunan ci ba su ragu ba, tilas ne tukunyarsa ta sake hali.

Asalin abin

Masu cewa taliya baƙuwa ce ta jiya-jiya sun faɗi rabin gaskiya ne kawai. Ita wannan ta cikin leda, wadda injuna suke fitarwa, lalle ba ta daɗe ba. Amma sarrafa garin alkama a mayar da shi zare-zare a busar, al'amari ne da ya daɗe a ƙasashen Musulmi. Masanin ƙasa Al-Idrisi, a littafin da ya kammala wa Sarkin Sisili Roja na Biyu a shekarar 1154, ya ambaci wani gari mai suna Tarabiya a tsibirin Sisili inda ake yin irin wannan abinci da yawa, har a loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Nasara. Har gobe kuwa mutanen Libiya suna da taliyarsu ta hannu wadda suke turarawa, suna kuma da wata dafa-duka ta makaroni da tumatir da yaji wadda duk Bakanon da ya gan ta zai rantse daga madafar gidansu aka ɗauko ta.

Kano kuwa ta daɗe da Larabawan Turabulus da na Gadamus, waɗanda suka zauna a wajejen Dandalin Turawa suna fatauci a Kasuwar Kurmi, kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar da su sa'ad da ya shigo birnin a 1851. Galibin abincin alkama da Kanawa suke taƙama da shi, kamar gurasa da alkaki, da waɗannan baƙi ake danganta shi, taliyar hannu ma a wannan sahun take. Sai dai a wancan zamani alkama 'yar kaɗan ce, a fadamu ake noma ta da rani ana ban ruwa da jigo, saboda haka cimarta ta sarakuna ce da attajirai da ranakun buki. Ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin raƙuma ya ja baya, girke-girken ba su bi Larabawa sun koma ba, sun riga sun zama na gida.

Daga baya ne ƙaramin injin nan na hannu ya bazu a gidaje, matan aure suka mai da murza taliya sana'ar cikin kulle. A kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri ta yi tauri, a yanka gunduwa-gunduwa, a bi da ita ta bakin injin har ta yi faɗi ta yi laushi, sa'an nan a juya ta ɓangaren haƙora ta fito sili-sili, a rataya a igiya ko a sandar kara ta sha iska. Wanda ya tashi a Kano ba ya mance tsakar gida cike da taliya a rataye, da yarinya ɗauke da faranti tana talla, ga kwalbar manja ga gwangwanin yaji. Wannan ita ce taliyar murji, ko taliyar Hausa, kuma ita ce ta share wa ta kamfani hanya, domin harshen da ya riga ya saba da abu ba ya wahalar karɓar ɗan'uwansa.

Daga injin murji zuwa leda

Kamfanin Flour Mills of Nigeria, mai tambarin Golden Penny, an kafa shi a 1960, ya fara niƙa a Apapa ta Ikko a 1962, daga baya kuma aka sami masana'antar fulawa a Bompai nan Kano. Wani abin lura shi ne, biyu daga cikin manyan attajiran da suka zuba dukiya a harkar fulawa da taliya a ƙasar nan, Alhaji Aliko Ɗangote da Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u mai kamfanin BUA, duka 'ya'yan Kano ne, ko da yake Ɗangote ya sayar da kamfaninsa na fulawa ga Olam a 2019. Yawaitar masana'antun nan ita ta sauko da taliya daga kantin masu hali zuwa teburin mai kayan masarufi na kowane lungu. Daga Kasuwar Singa ake sarin ta katan-katan, ko wane katan ƙunshi 20, ko wane ƙunshi giram 500, ta bi a-kori-kura zuwa Kasuwar Tarauni da shagunan unguwa, inda ake iya sayar wa mai ƙaramin ƙarfi ko da rabin leda ne.

Ita kuwa ƙaramar ƙanwarta, wadda kowa yake kira indomi ko da wane kamfani ne ya yi ta, asalinta daga gabashin duniya ne. Wani mutumin Japan mai suna Momofuku Ando ya ƙago dabarar soya taliya a busar da ita yadda za ta nuna cikin 'yan mintoci, a shekarar 1958. Indomie ta ƙasar Indunusiya ta fara shigowa Nijeriya a 1988, aka kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, kafin a ankara ta zama abin da yaro yake fara koyon dafawa.

Lissafin uwargida

Dattawa da yawa suna ganin yawan cin taliya da dare alamar lalacewar zamani ce da ƙiwar matan yanzu, har akan ji tsoho yana cewa shi in bai ci tuwo ba, to, a lissafinsa da yunwa ya kwana. Maganarsu tana da nauyi, kuma za mu komo gare ta. Amma adalci shi ne a fara sauraron lissafin wadda take gaban murhu. Tuwon dawa ko na masara, kafin ya zama malmala a kwano, sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai niƙa, an tankaɗe. Sa'an nan a ɗora ruwa, a yi talge, a jira ya nuna, a tuƙa, a rufe ya sulala, a kwashe, ga kuma miya tana jiran tata tukunyar da tata wutar. Wannan aiki ne na wadda ta wuni a gida, ko wadda take da mataimaka. Macen da ta fita tun da hantsi, ta dawo bayan La'asar sakaliya ta tarar da wanke-wanke, ta tarbi yara daga Islamiyya, wataƙila ita ma tana da makarantar dare ta matan aure bayan Lisha, ba ta da wannan sararin ko da tana da niyya.

Ga kuma maganar makamashi, wadda a yau take cin babban kaso na kuɗin cefane. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kuɗin gas da na kananzir da na gawayi duk suka ɗaga, har gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas suka koma kurfoti. Abincin da zai nuna cikin minti 10 bayan ruwa ya tafasa, a tukunya ɗaya, ba daidai yake da wanda zai ci wuta awa biyu a tukwane biyu ba. Saboda haka taliya ba da daɗi ta rinjayi tuwo a daren ranakun aiki ba, domin ba a sami Bakanon da zai fifita ta a kan tuwon shinkafa da miyar taushe ba. Da sauri da tsimin wuta ta rinjaye shi.

Tukwane huɗu na daren aiki

Wadda ta fi yawa a gidajen Daurawa da kewaye ita ce dafa-duka. Uwargida takan ɗora tukunya ta zuba man gyaɗa ko manja, ta yanka albasa ta soya har ƙamshi ya tashi, ta zuba jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu da 'yar tafarnuwa, ta bar shi ya soyu har mai ya taso sama, domin a nan ne tsamin tumatir yake mutuwa, kuma wadda ta yi gaggawa a wannan gaɓa za ta ji a bakinta. Sa'an nan ta tsaida ruwa, ta sa gishiri da dunƙule da ɗan daddawa, ta gyara busasshen kifi ta wanke shi da ruwan zafi ta zuba tun da wuri don ya saki jikinsa a cikin romon. In ya tafasa sai ta karya taliyar biyu ta zuba, ta juya nan take don kada ta dunƙule, ruwan kuwa ya ɗan sha kanta kaɗan kurum, gama in ya yi yawa za ta caɓe, in ya yi kaɗan kuma ana iya ƙarawa da tafasasshe. Idan ruwan ya kusa tsotsewa sai ta watsa yankakken alayyahu ko kabeji da karas, ta rage wuta, ta rufe na minti biyu ko uku. Daga kunna wuta zuwa saukewa, da ƙyar ake cin rabin awa.

Ta biyu ita ce taliya da wake, wadda a ganina ita ce sarauniyarsu, domin ta fi riƙe ciki, ta fi gina jiki, ta kuma fi sauƙin kuɗi idan aka gwada da nama. Aibinta ɗaya, wake ba ya son gaggawa. Amma mata masu dabara sukan jiƙa shi tun da safe kafin su fita, ko su dafa mai ɗan yawa ran Asabar ko Lahadi su adana in da hali. Wake ya yi laushi, a zuba taliya a cikin ruwansa su ƙarasa tare, a tsane a gwagwa, a soya mai da albasa, a kawo yaji mai ƙuli-ƙuli da citta, a yanka tumatir da latas ko kokwamba a kai. Wanda ya san garau-garau ya san wannan, shinkafa ce kawai ta ba taliya wuri. Masana abinci kuma sun tabbatar da abin da iyayenmu suka gane da gwaji, cewa hatsi da wake in sun haɗu kowanne yana cike gurbin abin da ɗan'uwansa ya rasa na sinadarin gina jiki.

Ta uku ita ce taliyar murji da manja da yaji, wadda ta fi kowacce saurin nuna saboda siririya ce kuma ba ta yi bushewar ta kamfani ba. Ruwa ya tafasa sosai, a zuba, a tsaya a kanta, domin minti kaɗan na sakaci ya isa ya mai da ita kunu; a tsane, a ɗauraye, a zuba soyayyen manja. Har yanzu akwai matan da suke murza ta a cikin unguwa, kuma sayenta taimako ne ga maƙwabciya.

Ta huɗu kuwa ita ce ta ranar da baƙo ya yi sallama ba zato: makaroni a dafa shi fari a tsane, a soya albasa da attaruhu, a buɗe kifin gwangwani a juye da mansa, ko a fasa ƙwai biyu uku a dagargaza, a juye makaronin a ciki a gauraya. Kafin maigida ya gama gaisawa da baƙonsa a zaure, an miƙo kwano.

Sirrin dukan huɗun nan guda ne, kuma ba a daren ake yin sa ba. Matan da suka ƙware sukan sayi kayan miya da ɗan yawa ran da suka sami sarari, musamman da rani sa'ad da tumatirin Kadawa da Kura ya cika Kasuwar 'Yankaba ya yi araha, su markaɗa, su tafasa har ruwan ya ƙone, su soya da mai sosai su ajiye, suna ɗiba da busasshen cokali suna ɗumamawa, tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Wasu kuma sukan yanka tumatir da tattasai su shanya don damina, lokacin da kwandon tumatir yake gagarar talaka. Bahaushe ya ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Girkin minti 20 na daren Talata, aikin ranar Lahadi ne yake ɗauke da shi.

Teburin mai shayi

Ba a cika labarin taliyar dare a Kano ba sai an zauna a bencin mai shayi. Bayan Lisha, a kan Titin Kotu na Gyaɗi-Gyaɗi, ko wajen tashar Unguwa Uku, ko kusa da ƙofar asibiti inda masu jinya suke fitowa neman abin taɓawa, za ka ga teburi da gwangwanayen madara a jere, da burodi, da kiret na ƙwai, da katan na indomi, ga risho ko 'yar tukunyar gas tana ta aiki. Saurayi ya zauna ya ce, "Mai shayi, sa min biyu da ƙwai biyu, yaji ya ji." Shi kuwa ya riga ya san hannun kowa: wannan mai ruwa-ruwa yake so, wancan a soye, wancan kuma ba ya son albasa. Ya ɓare leda, ya jefa a ƙaramar tukunyar da ruwanta ba ya hucewa, ya yanka attaruhu a tafin hannunsa da wata 'yar wuƙa da ta sha wasa, ya kaɗa ƙwai a kofi, kafin a gama musun ƙwallon jiya ya turo faranti. Ga gwauro da ɗalibi da direban da ya kwana a hanya, wannan teburi shi ne madafarsu, kuma sana'a ce da take ciyar da gidaje masu yawa a birni da ƙauye.

Inda gizo yake saƙa

Yanzu sai mu koma ga maganar dattawa, domin ba a banza suka yi ta ba. Abu na farko, taliya daga tatacciyar fulawa ake yin ta, wadda aka raba da dusarta, saboda haka in aka ci ta tsura, daga mai sai dunƙule, ciki ne kawai ya cika, kuma ba da jimawa ba yunwa za ta dawo. Dawa da gero da miyar kuka ko ta kuɓewa da daddawa, waɗanda ake yi wa kallon abincin ƙauye, sun fi ta amfani a jiki nesa ba kusa ba. Yaron da aka saba masa da indomi safe da dare har ya ƙi tuwo, an cuce shi ko da da sunan gata ne. Likitoci suna jan kunne game da gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kada babba ya kai giram 5 a wuni, alhali ɗan ƙunshin sinadarin da yake cikin ledar indomi, in aka haɗa shi da dunƙule biyu uku, ya ci kaso mai yawa na wannan ƙa'ida. Masu hawan jini da ciwon sukari su ne ya fi kamata su yi hattara. Haka nan dafaffiyar taliya ba ta jure kwana a zafin Kano, wadda ta rage sai a ɗumama ta sosai, in ta canja wari kuwa a haƙura da ita. Abin da ya fi dai a auna daidai bakunan gida tun farko, gama almubazzaranci abin ƙi ne a shari'a.

Abu na biyu ya fi gida ɗaya girma. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya take ci daga ƙetare ake sayo ta da kuɗin waje. Gwamnatin Janar Babangida ta taɓa hana shigo da ita a 1987 da nufin a noma ta gida, manoman Kadawa da suke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, suna cikin waɗanda aka ɗora wa fata, amma noman bai kai ga biyan bukata ba, aka janye hanin a 1992. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairu na 2022, ƙasashe biyu da suke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, sai ga shi mai shago a Daurawa yana sake farashi. Gidan da ya jingina abincin darensa kacokan a kan leda, ya miƙa ragamar tukunyarsa ga canjin dala da jiragen ruwan da bai taɓa gani ba.

Abu na uku na magidanta ne. Ciyar da iyali wajibi ne a kan miji, wannan ba saɓani a cikinsa. Kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kama wa iyalinsa aikin gida. To, namijin da matarsa take fita aiki tana taimaka masa da ɗawainiya, bai dace ya dawo ya harɗe yana ƙorafin yau ma taliya ba. In tuwo yake marmari, ya kai niƙa, ya sayo gawayi, ya dawo da cefane da wuri, ya kuma bar 'ya'yansa maza su koyi riƙe wuƙa da ludayi kamar 'yan'uwansu mata, domin wata rana makaranta ko aiki zai kai su inda ba Umma ba Yaya.

Hukuncin da ya fi kusa da daidai shi ne, taliya rahama ce ga gidan da lokaci ya yi wa ƙaranci, kuma ba abin kunya ba ne uwargida ta dafa ta sau biyu ko uku a mako. Sharaɗin kawai, kada ta shiga tukunya ita kaɗai: a haɗa ta da wake, ko kifi, ko ƙwai, a cika ta da ganye, zogale ne ko alayyahu ko kabeji, a rage dunƙule a ƙara daddawa. Sauran darare kuma, musamman na Juma'a da Asabar da Lahadi da ake da sarari, a bar wa tuwo da dambu da fate haƙƙinsu, don yara su tashi sun san abincin da ƙasarsu take nomawa. Iyaye mata da iyaye maza na Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, wannan gyara a hannunku yake, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Allah Ya sa albarka a abin da muke ci, Ya hore wa kowane magidanci abin da zai ciyar da iyalinsa.